Wa Ya Fara Ji? Tafiyar Magana a Ma'aikata Mai Tara Jama'a Iri-Iri



Abin da wannan lacca za ta duba abu ne wanda kowane ma'aikaci ya san shi, amma ba safai akan zauna a yi nazarinsa ba, watau yadda magana take tafiya a cikin ma'aikata: daga Babban Sakatare zuwa ga masinja, daga masinja zuwa ga Babban Sakatare, da kuma tsakanin akawun da ke wannan tebur da wanda ke wancan. Dalilin ɗauko batun kuwa shi ne, ma'aikatun ƙasar nan, musamman na Gwamnatin Tarayya, sun tara mutane iri-iri a ƙarƙashin rufi ɗaya. Nijeriya tana da harsuna fiye da 500. A ofis guda a Kaduna ko Abuja ana iya samun Bahaushe da Bayarabe da Ibo da Babarbare da Tibi da Banufe, Musulmi da Kirista, mace da namiji, mai gani da makaho, wanda ya yi digiri biyu a Ingila da wanda iyakar karatunsa allo, dukansu suna cin albashi daga baitulmali ɗaya.

Wannan haɗuwa ba haka nan kawai ta auku ba, doka ce ta shirya ta. A shekarar 1973 Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa tsarin yi wa ƙasa hidima, wanda yake tura matashin da ya gama jami'a ya yi aikin shekara guda a jihar da ba tasa ba. Ran 18 ga Oktoba, 1975, Janar Murtala Muhammed ya yi wa kwamitin tsara kundin mulki jawabi inda ya kawo maganar cewa lalle gwamnati ta kasance ta yi kama da ƙasar da take mulka. Wannan ra'ayi ya shiga Tsarin Mulki na 1979, yana nan kuma a sashe na 14 na Tsarin Mulki na 1999, sa'an nan a 1996 aka kafa Hukumar Raba Daidai don ta riƙa sa ido a kan yadda ake ɗaukar ma'aikata daga jihohi. A watan Janairu na 2019 aka sa hannu a kan dokar da ta hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda ta ce a ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki a ma'aikatun gwamnati. Duk waɗannan dokoki a kan ƙofar shiga suka tsaya. Doka tana iya shigo da mutum ofis, ta ba shi tebur da kujera da lambar fayil, amma ba ta iya sa shi ya ji abin da ake ciki a lokacin da sauran abokan aikinsa suka ji. Wanda kuwa kullum shi ne na ƙarshen ji, ko da ya shekara ashirin a wurin, baƙo ne.

A kowace ma'aikata akwai hanyoyi biyu da labari yake bi. Ta farko ita ce ta hukuma: takardar sanarwa, da sharhin da ake rubutawa a cikin fayil, da allon manna takardu, da taron shugabannin sassa. Ta biyu ita ce ta bayan fage: hirar da ake yi a hanyar dawowa daga masallaci bayan Azahar, ko a ƙofar coci ran Lahadi, ko a wurin mai shayi, ko a kulob da yamma, ko a taron ƙungiyar 'yan gari ɗaya. Hanyar farko a buɗe take ga kowa, amma tafiyar hawainiya take yi. Ta biyu kuwa ta fi iska sauri, amma ba ta bin kowace ƙofa, sai ƙofar ɗan'uwa da aboki da wanda ake jin harshe ɗaya da shi.

A ɗauki misali. An ba wata ma'aikata gurabe uku na kwas ɗin ƙaro ilmi, an ce a aika da sunaye cikin makonni biyu. Takarda ta iso ofishin Darakta ran Litinin. Ta kwana uku a kan teburinsa saboda yana rangadi. Da ya dawo ya rubuta a kanta a kai wa Mataimakinsa, shi kuma ya tura wa jami'in mulki, jami'in mulki ya ce a buga a manna. Kafin ta hau allo saura kwana biyu a rufe. Amma tun ran Litinin ɗin nan sakataren Darakta ya ga takardar, ya kuwa faɗa wa wani ɗan garinsu a wurin cin abinci, ba da wata mugun nufi ba, hira ce ta kawo. Shi wannan ya faɗa wa mutum biyu. Waɗannan uku su ne suka sami sukunin haɗa takardunsu, su ne kuma suka tafi. To, a nan babu wanda ya karya doka, babu wanda ya karɓi toshi, watakila ma su ukun sun cancanta. Amma ma'aikacin da ya zo daga wata jiha, ya ga sunaye uku duk daga yanki ɗaya, ba zai ce takarda ce ta makara ba. Cewa zai yi an yi ƙabilanci. Zai faɗa wa nasa mutanen, su ma su fara riƙe abin da suka ji a tsakaninsu, su rama. Kafin shekara ta zagayo ofis ya rabu gida-gida, kowane gida da majiyarsa.

Abin lura a nan shi ne, galibin zargin ƙabilanci da ake yi a ofisoshi daga irin wannan ƙaramar kafa yake shigowa. Akwai ƙabilanci na gaske, wanda ake yi da gangan, babu mai musun wannan, kuma maganinsa horo ne. Amma akwai wanda jinkirin takarda da gajartar bayani suke haifarwa, shi kuwa wannan shugaban ma'aikata yana iya kashe shi ba tare da ya nemi kobo daga baitulmali ba, in dai zai tabbatar cewa maganar da ta shafi ƙarin girma, da kwas, da canjin wurin aiki, da rancen mota ko na gida, ta isa ga kowa a rana ɗaya, tare da bayanin sharuɗɗan da za a bi wajen zaɓe, sa'an nan bayan an yi zaɓen a faɗi dalili. Faɗin dalili shi ne abin da ya fi yi wa manya wuya. Sun gaji wata al'ada ta buga hatimin sirri a kan kowane fayil, al'adar da Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 ta ƙarfafa, har ta kai jadawalin hutun shekara ma akan riƙe shi kamar asirin soja. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba mutumin waje ikon ya nemi bayani daga ma'aikata. Abin mamaki ne a ce ɗan jarida yana da ikon tambayar abin da akawun da ke cikin ginin ba ya da ƙarfin halin tambaya.

Kada a ɗauka wannan ƙaramin al'amari ne na ɓacin rai kawai. Tarihin ƙwadago na ƙasar nan yana da ranar da rashin bayani ya ci rayuka. A watan Nuwamba na 1949 leburorin haƙar kwal na Inugu suna cikin rikici da shugabanninsu Turawa a kan wasu kuɗaɗe da suka yi imani an riƙe musu. Suka rage saurin aiki, aka kori waɗansunsu, sauran suka ƙi fita daga mahaƙa don kada a kulle su a waje. Gwamnati ta ji tsoron nakiyoyin da ke ajiye a wurin za su faɗa hannun 'yan siyasa, ta aika da 'yan sanda su kwashe. Su kuwa leburori a wurinsu kwashe nakiya alama ce ta rufe mahaƙa da ƙarewar abincinsu. Kowane ɓangare yana fassara motsin ɗaya da abin da yake tsoro, babu kuma wata kafa da suka amince da ita wadda za su ji gaskiyar juna. Ran 18 ga wata, a mahaƙar Iva Valley, jami'in 'yan sanda Bature ya ba da umarnin harbi, aka kashe mutum 21, aka ji wa 51 rauni. Kwamitin bincike na Fitzgerald ya ɗora wa jami'in laifin kuskuren hukunci, ya kuma nuna lalacewar dangantaka tsakanin masu mahaƙa da ma'aikatansu. Mutanen da suke shiga rami ɗaya kullum safiya, ashe ba su san abin da ke zuciyar juna ba.

Daga nan sai maganar harshe, wadda ita ce ta fi kowace sarƙaƙiya. A zamanin Turawa, tsakanin Razdan ko Di'o da talakawa akwai tafinta da masinja. Duk wanda ya karanta tarihin wancan lokaci ya san irin ƙarfin da waɗannan mutane suka samu, domin abin da suka ga dama shi Bature yake ji, abin da suka ga dama kuma shi talaka yake ji. Marubucin nan na ƙasar Mali, Amadu Hampate Ba, ya fitar da littafi sukutum a 1973 a kan rayuwar wani tafinta mai suna Wangrin a ƙasashen da Faransa ta mallaka, yadda ya yi ta juya manyan Turawa da harshensa. Turawa sun tafi, amma kujerar tafinta ba ta tafi ba. A yau jami'in mulki ne ko shugaban direbobi ko wani tsohon masinja yake zaune a kanta, shi yake karanta takardar da aka rubuto da Ingilishi mai nauyi, ya faɗa wa ƙananan ma'aikata abin da ya fahimta, ko abin da ya so su fahimta.

Tsarin ɗaukar aiki kansa ya ƙara wa wannan matsala kauri. Bisa ƙa'idojin Hukumar Raba Daidai, manyan muƙamai ana raba su tsakanin dukan jihohi, amma ƙananan ma'aikata, daga mataki na 01 zuwa na 06, akasarinsu daga yankin da ma'aikatar take ake ɗaukarsu. Wannan tsari yana da hikimarsa, amma sakamakonsa shi ne, a ofishin tarayya da ke Sakkwato ko Kano, benen sama yana magana da Ingilishi, ƙasa kuwa da Hausa. Iyakar harshe ta zama ita ce iyakar muƙami. Mai gadi da mai shara da direba su ne suka fi kowa sanin inda rufi yake yoyo da inda man mota yake zurarewa, amma ba su da harshen da za su rubuta rahoto da shi, wanda zai karanta rahoton kuma ba ya jin nasu.

Magabata sun fuskanci irin wannan, sun kuma san abin da suka yi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da Abdullahi da Muhammadu Bello sun rubuta manyan littattafansu da Larabci domin malamai, amma da suka so saƙo ya kai ga makiyayi da manomi sai aka koma ga waƙa da Fillanci da Hausa. Nana Asma'u 'yar Shehu ta ƙara gaba da haka. Ta ga matan ƙauye ba sa zuwa zauren karatu, sai ta naɗa jajis, watau mata dattijai amintattu, ta ɗaura musu malfa, suka riƙa zuwa wurinta suna ɗaukar karatu suna kai wa 'yan'uwansu, ƙungiyar da aka sani da 'Yan Taru. Ba ta zauna tana jiran waɗanda ba su iya zuwa ba, ta gina hanyar da saƙo zai same su a inda suke. Haka kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Zariya a watan Janairu na 1939 da Malam Abubakar Imam a matsayin edita: ɗaya daga cikin dalilan kafa ta shi ne kashe jita-jitar da ta cika gari gab da Yaƙin Duniya na Biyu, har da ta cewa za a miƙa Nijeriya ga Jamus. Gwamnatin wancan lokaci ta gane cewa jita-jita da Hausa take yawo, saboda haka ba a kashe ta da sanarwar Ingilishi. Shugaban ma'aikatar da zai sa a fassara kowace muhimmiyar sanarwa zuwa harshen da ƙananan ma'aikatansa suke ji, a tara su a karanta musu, a ba su damar tambaya, bai zo da baƙon abu ba. Sashe na 55 na Tsarin Mulki ma ya yarda a gudanar da harkokin Majalisar Tarayya da Hausa da Ibo da Yarabanci in an yi tanadin da ya kamata.

Amma a nan akwai wata gaskiya da ya kamata masu jin Hausa su saurara da kyau, ko da ba ta yi daɗi ba. Harshen da ya buɗe wa wani ƙofa yana iya rufe wa wani. Hausa ta daɗe tana haɗa kabilu a Arewa, har a barikin soja na zamanin Turawa ita ce harshen umarni, inda aka sami irin Hausar nan da ake kira Barikanci. Wannan ya sa Bahaushe yakan manta cewa ba kowa yake jin ta ba. Ana tsakiyar taro da Ingilishi, sai magana ta yi zafi, sai shugaba ya juya ga na kusa da shi su yi 'yan kalmomi da Hausa, a yi dariya, a dawo a ce an yanke shawara. Ɗan hidimar ƙasa da ya zo daga Kalaba yana zaune yana kallo. Ko da abin da aka faɗa bai shafe shi ba, ba shi da hanyar sanin haka, zai kuwa fita da zaton shi aka yi wa dariya. Irin wannan yake faruwa ga Bahaushen da aka tura Ibadan ko Oweri, ya kuma san zafinsa. Akwai kuma mutumin Filato ko Kudancin Kaduna ko Taraba wanda yake jin Hausa sarai, amma yana da nasa harshen da nasa sunan, ba ya kuma son a shafe su don kawai ya iya gaisuwa da Hausa. Ƙa'idar mai sauƙi ce: abin da ya shafi aiki, a faɗe shi da harshen da duk wanda ke ɗakin yake ji, in an kauce kuma a tsaya a fassara nan take.

Wasan barkwanci ma haka yake, kaifi biyu gare shi. Tsakanin Fulani da Barebari, ko Kanawa da Zazzagawa, ko Gobirawa da Yarabawa, akwai wasa na tun kaka da kakanni wanda yake sauƙaƙa zama, har hukumar UNESCO ta sa irin wannan al'ada ta Jamhuriyar Nijar cikin jerin kayan gadon ɗan Adam a 2014. Amma sharaɗin wasan shi ne wanda aka tsokana yana da ikon ramawa. Idan Darakta ne ya tsokani kabilar akawu a gaban jama'a, akawu ba shi da bakin ramawa, murmushin dole kawai zai yi. Wannan ya tashi daga wasa.

Duk abin da aka faɗa zuwa yanzu a kan saukowar magana ne daga sama. Hawanta daga ƙasa ya fi wuya, domin a nan tarbiyya ce take tsare hanya. An hori yaro a ƙasar Hausa, da ma yawancin ƙasashen Afirka, kada ya haɗa ido da babba, kada ya katse shi, kada ya ce masa ya yi kuskure. Kunya da kara kyawawan halaye ne, su ne suke riƙe da gida. Amma a ofis sukan sa ƙaramin jami'i ya ga an tafka kuskure a lissafi, ya ce "ranka ya daɗe, haka ne," ya fita. Mace takan zauna taro na awa biyu ba ta ce uffan ba, don kada a ce ta cika baki a gaban maza, alhali kuwa ita ce ta rubuta takardar da ake muhawara a kai. Shugaban da bai san wannan ba sai ya ɗauki shirun a matsayin yarda.

Kada kuma a ce wannan ciwon baƙar fata ne kaɗai. Ran 27 ga Maris, 1977, a tsibirin Tenerif na ƙasar Sifaniya, manyan jiragen sama biyu ƙirar Boeing 747 suka yi karo a kan titin tashi cikin hazo, mutum 583 suka mutu, haɗarin da har yau ba a yi wanda ya fi shi cin rayuka a tarihin jiragen fasinja ba. Matuƙin jirgin KLM na ƙasar Holan babba ne ƙwarai, shi ne shugaban masu koyar da tuƙin irin wannan jirgi a kamfaninsu. Da ya fara gudu don tashi, injiniyan da ke zaune a bayansa ya yi tambaya ko ɗaya jirgin ya riga ya bar titi. Matuƙi ya amsa da ƙarfi cewa ya bari, injiniya bai sake magana ba. Bayan wannan da waɗansu haɗurra irinsa, kamfanonin jirage suka shiga koya wa ƙananan matuƙa yadda za su ja da babba a fili, suka kuma koya wa manya yadda za su saurara. Watau sun gane cewa ba a barin wannan ga halin mutum, sai an mai da shi ƙa'idar aiki. Wata malama ta Jami'ar Harvard, Amy Edmondson, ta yi bincike a asibitocin Amurka wanda ta buga a 1996, ta tarar da abin da ba ta zata ba: rukunin ma'aikatan jinya da suka fi kyakkyawan shugabanci su ne suka fi yawan kawo rahoton kuskuren ba da magani. Da ta bi diddigi sai ta ga ashe ba sun fi yin kuskure ba ne, sun fi samun sakin jikin faɗa ne. Ofishin da ba a taɓa jin ƙara a cikinsa ba, ya kamata shugabansa ya damu.

A ƙasar nan akwai wani dalili na tarihi da ya ƙara ɗaure harshen ma'aikaci. A 1975 Gwamnatin Murtala ta sallami ma'aikata fiye da 10,000 cikin 'yan watanni, da yawansu a rediyo suka ji sunansu. Ko mene ne ra'ayin mutum a kan dacewar wannan shara, ta bar tabo: ma'aikaci ya koyi cewa kujerarsa ba ta da tabbas, saboda haka gara ya rubuta "a duba, a ba da umarni" a kan fayil ya tura sama, da ya faɗi ra'ayinsa a kama shi da shi gobe. Abin ban sha'awa kuwa shi ne, shekara guda kafin wannan, a 1974, Kwamitin Udoji ya kawo gyaran da ya nufi akasin haka. Jama'a sun fi tuna Udoji da ƙarin albashi da kuɗin ariyas da aka sayi babura da rediyo da su, amma cikin shawarwarinsa akwai soke rahoton sirri na shekara-shekara. Kafin nan shugaba yakan rubuta abin da ya ga dama a kan na ƙasa da shi, a kulle a kabad, mutum ya yi ta mamakin abin da ya hana shi ƙarin girma. Sabon tsari ya ce a nuna wa ma'aikaci abin da aka rubuta a kansa, ya karanta, ya sa hannu, in yana da ja ya rubuta. Ga wanda yake aiki a ƙarƙashin shugaban da ba kabilarsu ɗaya ba, ba addininsu ɗaya ba, wannan ba ƙaramar kariya ba ce. Sai dai a ofisoshi da yawa an mai da shi cike fom kawai, a ba kowa maki mai kyau don a zauna lafiya, zaman da ya kamata a yi na minti talatin tsakanin shugaba da ma'aikaci kuwa ba a yin sa. Majalisun tattaunawa tsakanin gwamnati da wakilan ma'aikata ma sun daɗe, tun 1948 aka kawo majalisun Whitley daga Ingila, bayan babban yajin aikin 1945 wanda ya ɗauki fiye da makonni shida. Kayan aikin suna nan, ba sababbi ake nema ba.

Akwai waɗansu ƙananan abubuwa da suke faɗa wa ma'aikaci matsayinsa ba tare da an buɗe baki ba. Taron da aka sa ƙarfe ɗaya da rabi na ranar Juma'a, ko bitar da aka sa ran Lahadi da safe, sanarwa ce cewa ba a lissafa da waɗansu ba. Idan za a buɗe taro da addu'a a wurin da ya haɗa addinai biyu, al'adar da aka saba ta ba ɗaya buɗewa, ɗaya rufewa, ta wadatar. Shawarar da aka yanke a majalisar dare a ƙofar gidan Darakta, aka zo ofis da safe don a sa mata hannu kawai, ta fitar da dukan mata daga ciki, domin ba matar auren da za ta je ta zauna a tabarmar. Makahon da aka ɗauka bisa dokar 2019, aka ci gaba da manna sanarwa a allo, an cika adadi da shi ne kawai. Kurman da yake zuwa taro babu mai yi masa maganar hannu, shi ma haka.

Wayar hannu ta zo ta canza saurin abin, amma ba ta canza yanayinsa ba. Yau kusan kowace ma'aikata tana da zauren WhatsApp, wanda yake iya kai sanarwa ga mutum 300 cikin daƙiƙa guda, har da saƙon murya da Hausa ko Yarabanci domin wanda ba ya karatu, wayar kuma tana iya karanta wa makaho rubutu. Wannan babbar dama ce ta sa hanyar hukuma ta riga ta bayan fage isa, abin da allon manna takardu bai taɓa iyawa ba. Amma a gefen wannan zaure na kowa da kowa akan sami waɗansu ƙanana, na 'yan jiha kaza, na 'yan masallaci, na 'yan coci, kuma sau da yawa a can ake fara ganin hoton takardar da ba ta fito ba tukuna. Ba a iya hana mutane haɗuwa da nasu, bai ma kamata a gwada ba. Abin da shugaba yake iyawa shi ne ya rage wa waɗannan zauruka daraja ta wajen sakin labari da wuri a inda kowa yake, ya kuma hana a mai da zauren aiki wurin wa'azi ko yaƙin neman zaɓe, domin da zarar an fara haka waɗansu za su yi shiru, sa'an nan su fice.

Ɗalibai da ke wannan zaure, waɗanda da yawansu za su riƙe sassa nan da 'yan shekaru, da manyan ma'aikatan da suke riƙe da su yanzu, suna iya gwada ma'aikatarsu da wani awo wanda ba ya bukatar kwamiti. Bayan an fitar da wata muhimmiyar sanarwa da kwana uku, shugaba ya kira mutum biyar ɗaya bayan ɗaya: mai shara, da direba, da ɗan hidimar ƙasa, da macen da ta fi kowa ƙaramin muƙami a cikin jami'ai, da wanda garinsu ya fi na kowa nisa. Ya tambayi kowannensu abu uku: me ya ji, yaushe ya ji, daga bakin wa ya ji. Ya rubuta amsoshin a takarda ɗaya, ya ajiye, ya sake yin haka bayan wata shida.